Jiki Na Aji, Zuciya Na Gobir: Mu Koyi Zama Da Tsoro Kafin Ya Cinye Mana Karatu

Daga ɗalibin ajin ƙarshe na difloma, ɗan ƙasar Gobir



Duk wanda ke kwana a hostal ɗin maza ya san mu, ko da bai san sunayenmu ba. Mu ne waɗanda ba ma kashe waya da dare, kuma in ta yi ƙara bayan sha biyu sai ka ga mutum ya zabura ya yi waje ko takalmi babu. Yawancinmu 'yan Sabon Birni ne da Isa, sai 'yan Goronyo da Raba, da 'yan uwanmu na Shinkafi da Zurmi. Kiran tsakar dare a wurinmu ba na budurwa ba ne.

A semesta ta biyu ta shekarata ta farko, daren da za a wayi gari a yi jarabawar wani kos da nake ganin na fi kowa iya shi, na farka wajen ƙarfe uku na tarar an kira ni sau huɗu da lambar Inna. Na kira, a kashe. Na kira ƙanena, a kashe. Na kira maƙwabcinmu, ba ta shiga. Har aka kira assalatu ina tsaye bakin famfo ina danne-danne. Ƙarfe tara na shiga ɗakin jarabawa. Tambaya ta farko na karanta ta ya fi sau biyar, kowace kalma na san ta, amma na kasa gane abin da ake nema. Hannu na rawa, riga ta jiƙe sharkaf, ƙirji kamar ana sussuka a ciki. Abin da na rubuta bai cika shafi ɗaya ba na miƙa na fito. Sai bayan la'asar Inna ta same ni: “Lahiya lau muke. Harbi munka ji can nesa, munka kwan daji, da sahe munka komo. So niy yi ka yi muna addu'a, sai caji yaƙ ƙare. Kak ka sa ma ranka komi.” Gida lafiya, ni kuwa na kwashi kari-oba.

Ban kawo wannan labari don a tausaya mini ba, domin a ɗakinmu kaɗai akwai wanda nasa ya ninka nawa. Na kawo shi ne saboda ina da buƙata wurin ƙungiyar ɗalibai da hukumar makaranta. Ina so a buɗe zama na mako-mako, na ganin dama, inda ɗalibi zai koyi halarto da hankalinsa inda jikinsa yake, ya kuma koyi barin tsoro ya zauna a ransa ba tare da ya ƙwace masa alƙalami ba. Na san akwai masu dariya, akwai kuma masu cewa wannan kayan Turawa ne. Ku yi haƙuri ku ji ni zuwa ƙarshe.

Tsoronmu yana da dalili

Kafin komai, kada wani ya ce mana ruɗu ne. A ƙarshen watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa na ƙaramar hukumar Sabon Birni. A Disamban wannan shekara, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, har da na Isa da Sabon Birni, muka kwashe akwatunanmu ana tsakiyar zango. A Satumban 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14, mutum ya yi makonni bai ji muryar uwarsa ba, wasu sai sun matsa bakin iyaka su kamo sabis ɗin Nijar. A Disamban 2021 aka tare mota kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga bayan makonni suna riƙe da shi. Dubban 'yan uwanmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi, wasu kuma suna nan cikin gari suna kwana a kango. Waɗanda suka rage a ƙauye, da yawansu sai sun biya haraji kafin su shiga gonar gado.

Wannan ne kayan da muke shigowa da shi lakca. Sauran ɗalibai ma kowa da nasa: kuɗin rajista, kuɗin furojet, tsoron kari-oba, 'yar ajinmu da ake matsa wa a gida ta bar karatu ta yi aure, wanda ke tuƙa Keke Napep da dare ya zo aji da safe ido jajir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya. Ke nan ba mu muka fara ba, sai dai namu ya zo da bindiga a bayansa.

Abin da tsoro ke yi wa karatu

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan sa jiki ya saki sinadarai irin su adiranalin da kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya karkata zuwa ƙafafu da damatsa, ciki ya ɗaure. Wannan rahama ce ga wanda zai tsere daga harbi. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance harbin da ke bayan gida da harbin da kake tunawa a ɗakin jarabawa mai nisan kilomita fiye da ɗari daga ƙauyenku. Sannan wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci don ta yi lissafi da shi ƙarami ne ƙwarai. In tunanin gida ya cika shi, babu inda fomula za ta tsaya. Abin da ya same ni ke nan: karatun yana nan, ƙofar ce ta toshe.

To me muke yi a kai yanzu? Na farko ɓoyewa. An ce Gobir gidan faɗa, kuma yaron da ya tashi yana jin labarin Bawa Jan Gwarzo da Alƙalawa ba zai tsaya gaban abokai ya ce “ina jin tsoro” ba. Na biyu, kwana kan waya, daga wannan guruf zuwa wancan, ana turo hotunan gawa da bidiyon 'yan bindiga, rabi gaskiya rabi tsohon labari da aka sake yi wa take. Na uku, wanda ba ma son faɗa, shi ne ƙwaya. Tun Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, amma ba sai an gaya maka inda ake samun taramol da ƙwayar barci ba. Wanda ya fara don ya samu barci kafin jarabawa, a ƙarshe ba barci, ba jarabawa.

Duka ukun nan abu ɗaya suke nema, wato a kori tsoro da ƙarfi. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa ɗalibai su yi minti biyar kada su tuna wata dabba fara, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka dinga kaɗawa. Da aka sake su kuma, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba tuna ta. Gwada da kanka: daga nan zuwa ƙarshen wannan layi kada ka tuna raƙumi. Shi ya sa “cire abin a ranka”, wadda duk muke faɗa wa juna da kyakkyawar niyya, ba ta cika aiki ba.

Mene ne wannan hanya?

Abu biyu ne aka haɗa. Na farko horar da hankali ya dawo kan abin da ke gabanka yanzu. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da shi na mako takwas ga majinyata a asibitin Jami'ar Massachusetts, musamman masu ciwon da magani ya kasa kawarwa. Na biyu shi ne abin da Steven Hayes da abokan aikinsa suka gina tun shekarun 1980: ka daina kokawa da abin da ke ranka, ka ba shi wuri, sannan ka ci gaba da aikin da ke da muhimmanci a wurinka. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafi mai zane-zane, kyauta, da ke koyar da waɗannan dabaru ga mutanen da ke cikin ƙunci. Shi wani ɗan baffana mai aikin jinya ya turo mini ta WhatsApp bayan waccan jarabawa. Wata biyu ban buɗe shi ba, don gani nake an raina mini wayo.

Ga yadda nake yi yanzu, da tawa Hausar. Idan na ji ƙirji ya fara daka, sai in danna tafin ƙafa a ƙasa in ji taurin siminti. In fitar da numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, sau uku ko huɗu, domin fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Sai in duba in ambaci abu biyar da nake gani, allo, fanka, hular na gabana, taga, biro, da abu uku da nake ji da kunne. Daga nan in kira abin da ke raina da sunansa: “Ga tunanin an shiga garinmu ya zo.” Akwai bambanci tsakanin “an shiga garinmu” da “ga tunanin an shiga garinmu ya zo”. Na farko labari ne da ya tabbata, na biyu kuwa tunani ne, yana iya zama gaskiya, yana iya zama ba haka ba, kuma a wannan minti ba ni da hanyar sani. Sai in tambayi kaina: cikin awa biyun nan, me zan iya yi da zai amfani Inna? Amsar ita ce tambaya ta ɗaya da ke kan takarda.

Tunani kamar 'yan kamasho ne a tasha. Kana shiga za su yi maka caa, wannan na ja maka jaka, wancan na ihun saura mutum ɗaya. Ba za ka iya rufe musu baki ba, in ka tsaya faɗa da su kuma motarka ta tashi. Amma ba dole ka shiga duk motar da aka kira ka ba. Tsoron bai bar ni ba, har gobe ina zabura in waya ta yi ƙara. Abin da ya sauya shi ne na sake zama wancan kos ɗin da ƙirji na bugawa, na kuma ci.

Ina hujja?

Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, mu da ake koya wa rubuta furojet mun san haka. A Jami'ar Cambridge ta Ingila an yi gwaji da ɗalibai 616, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka yi horon mako takwas. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a lokacin jarabawa waɗanda suka yi horon sun fi sauran samun sauƙin damuwa, kuma yiwuwar damuwarsu ta kai matakin da ke buƙatar ganin likita ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Za ka ce ina ruwan ɗan Gatawa da ɗan Cambridge. Gaskiyarka. To ga wanda ya fi kusa da mu. A sansanin Rhino da ke arewacin Yuganda an gwada wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna Self-Help Plus da mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu, a ƙauyuka 14. Mata ne da suka ga yaƙi da idonsu. Zama biyar ne kacal, kowane awa biyu, mutum 20 zuwa 30 a zama ɗaya, ana kunna musu sauti da aka naɗa da harshen da suke ji, kuma masu jagorantar zaman ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka ba ɗan gajeren horo. Rahoton da ya fito a 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba, kuma bayan wata uku bambancin yana nan.

Akwai kuma wanda bai yi nasara ba, kuma ɓoye shi rashin gaskiya ne. A Birtaniya an yi babban gwaji mai suna MYRIAD a makarantun sakandare fiye da 80, da yara fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14. Malaman aji ne suka koyar, a matsayin darasi, kowa sai ya zauna ko yana so ko ba ya so. A 2022 sakamako ya fito: bai fi darasin da aka saba yi amfani ba. Yawancin yaran ko gwadawa ba su yi a gida ba, da dama sun ce abin gundura ne, har ma an ga alamun cewa bai dace da yaran da tun farko suke cikin matsala ba.

Abin da na fahimta daga ukun nan shi ne, inda manya suka zo da ƙafarsu don suna so, an ga amfani. Inda aka ɗura wa yara a aji, ba a gani ba. Saboda haka duk wanda ya tashi mayar da wannan abu kos na dole mai maki biyu, ni ne farkon wanda zai ƙi. Ranar da ya zama kos, za mu haddace handawut, mu rubuta, mu manta, ya koma cikin abubuwan da ke hana mu barci.

Masu ja da magana

Wani ɗan uwa a masallacin hostal ya ce mini, “Malam, wannan ai addinin 'yan Buda ne aka canja wa riga.” Maganarsa tana da tushe. Kabat-Zinn bai ɓoye ba cewa daga zuzzurfan tunanin mabiya Buda ya ɗauko dabarar, ya cire mata ibada ya kai ta asibiti. Amma abin da nake kira a yi babu ambaton wani abin bauta a ciki, babu wasu kalmomi da ake maimaitawa, babu wani zama na musamman. Numfashi ne, da lura, da kiran tunani da sunansa. Kuma kula da lafiyar zuciya ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi babi kan tsoro da firgici, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ɓacin rana. Duk da haka, kada a ce in ji ni. A miƙa wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista duk abin da za a koyar, su duba da malamansu, abin da ya saɓa a cire.

Wani kuma zai ce muna da salla da addu'a, me za mu nema kuma? Ni ma da su na dogara, ba na kuma neman abin da zai maye gurbinsu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: sau nawa ka tayar da kabbara a nan, zuciyarka na kan hanyar Gundumi, har ka rasa raka'a ta nawa kake? Wanda ya saba dawo da hankalinsa in ya gudu, sallarsa ma za ta amfana. Sannan mu daina ce wa mai fargaba imaninsa ne ya yi rauni. Duk mun karanta cewa Annabi Musa ya ji tsoro, Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har ya taɓa masa gani, amincin Allah ya tabbata a gare su. In ka ce wa ɗalibi tsoronsa zunubi ne, ka ƙara masa kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na uku, don ni ma na taɓa yin sa. Wato ana kashe mana iyaye, maimakon a kawo tsaro sai a ce mu ja numfashi? Ashe ba wata hanya ba ce ta sa talaka ya yi shiru? Lallai tana iya zama haka in aka bar ta a hannun masu son mu yi shiru. Shi ya sa dole a bambance. Abin da ake karɓa shi ne bugun ƙirji da tunanin da ya zo maka, waɗanda ba ka da ikon hana su zuwa. Zalunci ba a karɓar sa. Harajin da ake ɗora wa manomi, hanyar da ta gagara bi, makarantar da aka rufe, waɗannan sai dai a ci gaba da neman haƙƙi a kansu. Masu fito a gulbin Rima in ruwa ya kawo ba sa tunkarar igiyar ruwa kai tsaye, sukan karkata jirgi su bi da ita, amma tsallaken da suka nufa ba ya canjawa. Na lura kuma, cikinmu waɗanda suka fi iya haɗa taron ƙungiyar ɗaliban yankinmu, su rubuta takarda ga wakilanmu, su tara gudummawa ga waɗanda aka kora, su ne masu ɗan samun barci. Wanda firgici ya gama da shi, iyakarsa tura jita-jita a guruf.

Inda wannan hanya ta tsaya

Ba kowane ciwo take warkarwa ba. Wanda ya ga an kashe nasa a gabansa, ko shi kansa ya zauna a hannun 'yan bindiga, rufe ido da zama shiru na iya dawo masa da abin kamar yanzu yake faruwa. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya tsaya kan abin da yake gani da ji, in ya ji abin na ƙaruwa ya dakata. Wanda ya yi makonni ba barci, ko ya daina cin abinci, ko yake jin muryoyi, ko ya kasa rabuwa da ƙwaya, ko tunanin kashe kansa ke zo masa, wannan aikin likita ne, yau ba gobe ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, ba nisa da gari. Mu daina mayar da sunan Kware abin zagi. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta haramta nuna wa mai irin wannan lalura wariya. Sai dai ƙungiyar likitocin wannan fanni ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. In har sai kowa ya jira likita, yawancinmu za mu gama difloma layi bai zo kanmu ba. Wannan ne ya sa abin da ɗalibi zai iya koya wa ɗalibi yake da daraja, matuƙar ya san iyakarsa.

Abin da nake roƙo

Ga shugabannin ƙungiya, musamman mai kula da walwala, ga buƙatuna a fili.

Na ɗaya, a ware aji guda da yamma, sau ɗaya a mako, na tsawon mako biyar, a fara tun farkon semesta, kada a bari sai jarabawa ta ƙarato. Maza daban, mata daban, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, don baƙinmu ma su samu shiga.

Na biyu, a zaɓi ɗalibai goma ko sha biyu masu riƙe sirri, a nemi ƙwararru daga Kware ko malaman da suka karanci halayyar ɗan Adam su horar da su, su kuma riƙa leƙo su. Kada wanda ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya zo ya ce shi malami ne. Kuɗin wannan ba zai kai na liyafar ƙarshen shekara guda ɗaya ba.

Na uku, babu rajistar suna, babu maki, babu satifiket, babu ɗaukar hoto don Facebook. Ba a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya same shi. Wanda ya zo ya zauna shiru ya tashi, ya wadatar.

Na huɗu, a yi yarjejeniya da asibitin makaranta, ta yadda in an ga wanda abinsa ya fi ƙarfin zaman, an san ƙofar da za a kai shi da wanda zai raka shi.

Na biyar, wannan na hukumar makaranta ne. A fito da ƙa'ida rubutacciya cewa ɗalibin da aka sace ko aka kashe wa uwa, uba, ɗan uwa na jini ko abokin aure a lokacin jarabawa, zai sake zama ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Kada abin ya dogara ga tausayin lakcara. Babu numfashin da zai sa mutum ya rubuta lissafi alhali ana cinikin fansar mahaifinsa a waya.

Na shida, a auna. A ba masu zuwa 'yan tambayoyi kafin a fara da bayan an gama, ba suna. In bayan semesta biyu ba a ga amfani ba, a faɗa a wannan mujalla, a dakatar, a nemi wata hanya.

Kafin ƙungiya ta motsa, akwai abin da ba ya jiran kowa. Ni da Inna mun yanka lokaci, bayan magariba kullum, ko minti ɗaya ne. Na karɓi lambobi biyu na maƙwabta da ta wani mai cajin waya a kasuwa. Daga ƙarfe goma na dare ba na buɗe guruf, amma wayar tana kunne, wanda ke nemana da gaske zai kira. In abokin ɗakinka ya fita waje ƙarfe uku ba takalmi, kada ka ce masa ya cire abin a ransa. Ka bi shi da ruwa a kofi, ka tsaya kusa da shi har layi ya shiga.

Saura 'yan watanni in miƙa furojet in bar makarantar nan, da wuya in ga wannan zama da idona. Amma ƙanena yana shirin cike fom bana, kuma shi a daji ya kwana a daren da nake tsaye bakin famfo. Ina so in ya zo ya tarar da ajin a buɗe. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu sa'ar jarabawa. Amin.